Pe-2 da maharbi a baya: matuƙi ya riƙe jirgi daidai ko ya yi ta kauce-kauce?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda ke tuƙa Pe-2, jirgin jefa bam na Tarayyar Sobiyet, a wasan kwamfuta na IL-2 Sturmovik, musamman a taswirar Stalingrad, kuma suke ɗaukar mutum na gaske a kujerar bindiga maimakon su bar wa kwamfuta harbin. Idan Bf 109, jirgin farautar jirage na Jamus, ya biyo ku bayan kun saki bama-bamai, mene ne aikin matuƙi a wannan lokacin? Ni da abokin tafiyata mun kasa daidaitawa a kai. Shi yana cewa in riƙe jirgin kada ya motsa, domin ya sami damar saita bindigarsa. Ni kuwa ina ganin duk jirgin da ya miƙe sambal a gaban igwa mai milimita 20, to ya riga ya miƙa wuya. Ina neman hujja daga waɗanda suka daɗe a kan wannan jirgi, ba ra'ayi kawai ba.

Mai Bindigar Baya:
Wa alaikumus salam. Malam, ni zaman baya na fi yi, saboda haka zan faɗi abin da ake gani daga can. Wanda ke kujerar mai duba hanya, wato mai riƙe da bindigar sama, yana kallon baya ne ta tsakanin wutsiyoyi biyu na jirgin, kuma abin da yake nema ɗigo ne baƙi wanda ke girma a hankali. Da zarar ya ɗora saiti a kansa, sai matuƙi ya karkata fiffike ba tare da ya ce komai ba, sararin sama ya juye, ɗigon ya faɗa bayan wutsiya, harsasan da ya riga ya saki su tafi iska. Wani lokacin ma wutsiyar jirginsa ce ke shiga layin harbi, kuma wannan wasa ba ya yafe hakan: maharbi na iya yanke wutsiyar jirgin da yake ciki. Saboda haka abokinka yana da gaskiya a abin da yake ƙorafi a kai. Sai dai ban yarda cewa maganin shi ne ka daskare ba. Abin da muke nema a wurin matuƙi shi ne ya sanar kafin ya juya, kuma ya juya a hankali, ta yadda hannu zai iya bin maƙiyi.

Baban Khalifa:
Ƙannena, wannan gardama ta girme mu duka, domin waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da gaske sun rabu a kanta. Amurkawa sun zaɓi miƙewa. A watan Nuwamba na 1942, hafsan sojan saman Amurka Curtis LeMay ya umarci rukunin jiragensa na bam, samfurin B-17, da su daina kauce-kauce a kan hanyar shiga wurin da za su jefa bam, a harin Saint-Nazaire da ke Faransa, bisa hujjar cewa jirgin da ke ta lilo bam ɗinsa ba ya faɗawa inda ake so, sai a sake dawowa gobe a fuskanci wutar nan dai. Shi ne kuma ake dangantawa da tsara jerin nan da jirage ke tafiya a dunƙule, wasu sama wasu ƙasa, kowane yana kare ɗan'uwansa da bindigoginsa. Turawan Ingila kuwa, da yake da daddare suke kai hari, sun koya wa matuƙan jirginsu na bam, Lancaster, wani irin juyi na murɗawa: a nutsa hagu, a hau dama, a yi ta maimaitawa, har wanda ke bi ya rasa jirgin a cikin duhu.

To, ku lura da sharaɗin kowanne. Miƙewar Amurkawa tana da ma'ana ne saboda jirage da yawa suna tare, kowane da mutum goma da bindigogi goma ko fiye. Murɗawar Ingilawa kuma duhu ne jarinta, ba don a ba maharbi damar harbi ake yin ta ba, don a ɓace ne. Kai kuwa, Ɗan Fagge, kana cikin jirgi ɗaya tilo, da rana tsaka, a kan farar ƙanƙara, da bindigogi biyu masu kallon baya. Ba ka da taron farko, ba ka da duhun na biyu. Kwafo ɗaya daga cikinsu kai tsaye ba zai fisshe ka ba.

Ɗan Damagaram:
Baban Khalifa ya kawo tarihi mai kyau, amma ina ganin ana tsallake abin da ya bambanta Pe-2 da waɗancan manyan jirage. Vladimir Petlyakov bai zana shi a matsayin jirgin bam ba da farko. Jirgin farauta ne mai tashi can ƙololuwa, sai a 1940 aka ce a mayar da shi mai jefa bam. Shi ya sa yake da gudun da ya haura kilomita 500 a awa idan ya sauke kaya. Garkuwarsa ta farko gudu ce, bindiga tana zuwa daga baya. Duk juyi mai tsanani da matuƙi ya yi, gudu yake zubarwa, kuma gudun da ya zube shi ne ke ba Bf 109 damar matsowa ya zauna a bayanka ya yi abin da ya ga dama. A nawa ganin, da zarar bama-bamai sun fita, a rufe ƙofar ma'ajiyar bam, a sunkuyar da hancin jirgi kaɗan, a ba shi wuta, a rage buɗin lagireto gwargwadon yadda inji zai jure, a doshi gida. Idan ka yi haka, wanda ke bin ka ba shi da zaɓi sai ya biyo ta baya kai tsaye yana matsowa sannu a hankali, wanda shi ne ainihin abin da maharbinka ke so.

Ɗan Fagge:
Na fahimci hujjar gudu. Amma ko da yana matsowa a hankali, ai a ƙarshe zai iso, kuma igwarsa ta fi bindigarmu illa. Me zai hana shi ya zauna a mita 300 ya kunna mana wuta a tankin mai?

Mai Bindigar Baya:
Abin da zai hana shi shi ne cewa a wannan nisan mu ma muna samun sa, kuma shi ya fi mu abin asara. Bf 109 injinsa da ruwa ake sanyaya shi, kuma injin ne ke fuskantar mu. Harsashi ɗaya mai milimita 12.7 daga bindigar UBT, idan ya sami hanyar ruwa ko ta man inji, za ka ga farin tururi ko baƙin hayaƙi na bin sa, kuma daga nan lissafinsa ya koma yadda zai isa filin jirginsu kafin inji ya kama. Ba sai mun harbo shi ba. Ya ishe mu ya juya. Amma a nan dole a bambanta irin jirgin da aka ɗauka. Samfurin farko, wanda ke zuwa da taswirar Mosko, mai duba hanya yana riƙe da ShKAS ne mai milimita 7.62, wadda ke zuba harsashi da sauri amma ba ta da nauyin duka. Samfurin Stalingrad shi ne mai UBT a sama. Idan da ƙaramar bindigar kake tafe, kada ka dogara da cewa za ta tsoratar da kowa daga nesa.

Haka kuma idan Fw 190, wani jirgin farauta na Jamus, ne ya biyo ka, maganar ta canja. Injinsa na BMW iska ce ke sanyaya shi, faffaɗa ne, yana kare matuƙin da ke bayansa, kuma yana shanye duka ya ci gaba da aiki. Ga igwa biyu a gindin fikafikai, wani lokacin da ƙarin biyu a can tsakiyarsu. Da shi ba na roƙon matuƙi ya riƙe mini jirgi na dogon lokaci, domin daƙiƙa biyu na harbinsa sun isa su cire mana fiffike.

'Yar Katsina:
Ina bin muhawarar, kuma ina ganin an fara kusantar abin da ni da yayana muke yi, shi yana tuƙi ni ina baya. Ba mu ɗauki miƙewa da kaucewa a matsayin zaɓi biyu da za a riƙe ɗaya a bar ɗaya ba. Nisan maƙiyi ne ke yanke hukunci, kuma wanda ke ganin nisan shi ne ke ba da umarni. Matuƙin Pe-2 ba ya ganin abin da ke bayansa sosai, to don me shi zai yanke shawarar lokacin juyawa? Idan maƙiyi yana nesa, sai in ce "riƙe", yayana ya daidaita jirgi, in aika gajeren harbi don ya san an gan shi. Idan na ga ya matso har hancinsa ya daidaita a kanmu, wato yana shirin latsawa, sai in ce "zame dama" ko "zame hagu", yayana ya taka feda ya zamar da jirgin gefe ba tare da ya kwantar da fiffike ba. Wannan zamewar tana da amfani biyu: jirgin yana tafiya ba inda hancinsa ke nunawa ba, don haka harsasan maƙiyi kan wuce ta gefe, ni kuma sararin sama bai juye mini ba, ina ci gaba da ganin sa. Juyi mai ƙarfi muna ajiye shi ne sai an ga harsasai masu haske sun fara taɓa mu.

Kalmomin da muke amfani da su ba su da yawa, kuma mun yarda a kansu tun kafin tashi: riƙe, zame, karya, ƙasa, ya wuce. Wurin maƙiyi kuma da agogo ake faɗa, kamar "ƙarfe bakwai, ƙasa, yana matsowa". Mutum ba shi da lokacin yin dogon bayani a Discord, manhajar da muke magana da juna ta cikinta, alhali ana harbin sa.

Baban Khalifa:
Madalla da wannan bayani, Malama. Abin da kika faɗa game da wanda ke ba da umarni ya dace da yadda ma'aikatan Lancaster suke yi: maharbin wutsiya ne ke kiran juyi, matuƙi kuma ya bi nan take ba tare da tambaya ba, ko da shi ne babba a muƙami. Ina so in ƙara abu ɗaya a kan "ƙasa" da kika ambata. Pe-2 mutum uku yake ɗauka, kuma na ukun, mai kula da rediyo, shi ke da bindigar ciki wadda ke kallon ƙasa ta baya. Tsakanin abin da bindigar sama ke kaiwa da abin da ta ƙasa ke kaiwa akwai wani siririn yanki, daidai layin wutsiya, inda ƙwararren maƙiyi ke son ya laɓe. Matuƙi nagari yakan ɗaga hanci kaɗan ko ya sauke shi kaɗan domin ya tura maƙiyin cikin rabon ɗaya daga cikin bindigogin. Wannan ma tuƙi ne domin maharbi, kuma ba ya cin gudu da yawa.

Ɗan Damagaram:
Duk wannan daidai ne, sai dai ina ganin muna ta gyaran ƙarshen labari ne. Idan har jirgin farauta ya same ka kai kaɗai a sararin abokan gaba, rabin wasan ya riga ya tafi, komai ƙwarewar maharbinka. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa ya same ka. Yawancin sababbin matuƙa suna tashi daga filayen gabashin kogin Volga, su ja layi miƙaƙƙe zuwa inda za su kai hari, su yi ta hawa a kan hanya, su iso layin daga suna tafiyar hawainiya da hanci sama. Wannan layin kuwa kowa ya san shi, kuma a kansa mafarauta ke jira. Ni nakan hau ne a bayan layinmu har in kai mita 4,000 ko sama da haka, in zaga ta gefe, in wuce wurin harin ta nesa, sannan in juyo in shigo masa daga yamma, fuskata tana kallon gida. Idan wurin yana kusa da garin Kalach ne, misali, babban lanƙwasar kogin Don da layin dogo sun isa su nuna maka inda kake ko da ƙanƙara ta rufe komai. Amfanin shigowa ta baya shi ne, bayan sakin bam babu wani juyi da za a yi. Kana kan hanyar gida tun kafin bama-baman su taɓa ƙasa. Tafiyar ta fi tsawo, na sani, kuma maharbi yakan gaji da kallon sarari babu kowa. Gara wannan gajiyar.

Ɗan Fagge:
Wannan ya kawo ni ga abu na biyu da muke saɓani a kai. Kai daga sama kake saki kana miƙe, ke nan. Mu kuwa sura muke kaiwa, wato mu sunkuyo da jirgi kan wurin harin kafin mu saki, domin saki daga mita 4,000 sau da yawa bam ɗin yana faɗawa gefe.

Ɗan Damagaram:
Yana faɗawa gefe ne saboda lissafi, kuma lissafi abu ne da ake gyarawa. Bam ɗin da aka saki daga mita 4,000 yana ɗaukar kusan rabin minti kafin ya isa ƙasa, kuma a cikin wannan lokacin yana tafiya gaba kimanin kilomita uku idan jirgin na gudun kilomita 400 a awa. Saboda haka idan gudun da ka saka a na'urar saiti ya saɓa da na gaskiya da kilomita 20 a awa kacal, bam ɗin zai kauce da abin da ya kai mita 150. Na'urar tana neman abu huɗu: tsayi, gudu, inda iska ke kaɗowa, da ƙarfinta. Mutane sukan cika biyun farko su manta da iska, ko kuma su cika komai tun da wuri sannan su taɓa totur daga baya, gudu ya canja, su ce na'ura ta yi ƙarya. Ka daidaita inji tun da sauran tafiya, ka bar jirgi ya zauna a gudu ɗaya, ka sake duba lambobin gab da saki. Wannan ne kaɗai lokacin da na yarda da LeMay ɗari bisa ɗari: a minti na ƙarshe babu motsi, ko da manyan bindigogin kakkaɓo jirage masu milimita 88 suna fashewa a gefe. Kafin wannan mintin kuwa, ka riƙa canja alkibla da tsayi kaɗan-kaɗan, domin harsashinsu yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya iso, kuma inda suke tsammanin za ka kasance suke harba.

'Yar Katsina:
Malam, ban yarda a ajiye sura gefe gaba ɗaya ba, domin don ita aka sa wa jirgin birkin iska a ƙarƙashin fikafikai. Rumbun kaya ko tashar jirgin ƙasa, i, saki daga sama ya wadatar, tunda wurin yana da faɗi. Amma gada, ko jirgin ruwa, ko tankoki da aka warwatsa, sai an sauko kamar shaho a kan ɗan tsako. Abin da ya kamata a sani shi ne farashinta. Bama-baman da aka rataya a waje ake ɗauka domin sura, huɗu masu kilo 250 ko biyu masu kilo 500, kuma suna rage gudu a kan hanyar zuwa. Sannan idan ka farfaɗo daga surar, kana cikin yankin ƙananan bindigogi masu milimita 20 da 37, waɗanda suka fi manyan haɗari ga jirgin da ke ƙasa-ƙasa, ga shi kuma tsayin da za ka sayar ka sayi gudu ya ƙare. Kuskuren da na fi gani a wurin wasu shi ne su manta birkin a buɗe bayan sun farfaɗo, su yi ta mamakin me ya sa jirgin ya ƙi gudu, ko kuma su juyo zagaye na biyu domin sauran bam ɗaya. Duk bindigar da ke wurin ta riga ta juyo, kuma harsasanta masu haske suna nuna wa kowane mafarauci da ke yankin inda kake.

Baban Khalifa:
Zagaye na biyu ba haramun ba ne idan kuna da yawa. Ivan Polbin, wanda ya yi suna da wannan jirgi a yaƙin, an san shi da wani tsari inda jirage ke yin da'ira a saman wurin hari, suna kai sura ɗaya bayan ɗaya, na baya yana kare wutsiyar na gaba, ta yadda masu bindigogin ƙasa ba su samun sararin ɗaga kai. Amma wannan aikin taro ne da ya saba tashi tare, kuma galibi da rakiya a sama. Batun rakiya kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A ranar 14 ga Oktoba 1943, Amurka ta aika jiragen B-17 guda 291 zuwa Schweinfurt da ke Jamus, masu rakiya suka juya a hanya saboda mansu ba zai kai ba, jirage 60 ba su dawo ba, duk da jeri da tarin bindigogi. Sai da jirgin farauta na P-51 ya fara raka su har cikin Jamus lamarin ya sauya. Idan wannan ya faru da ɗaruruwan jirage, kada mai Pe-2 ɗaya ya ji kunyar rubutawa a allon hira cewa yana neman jiragen farauta na ɓangarensa, Yak ko LaGG, guda biyu su same shi a wuri kaza, a tsayi kaza. Masu jiragen farauta da yawa suna son hakan, domin jirgin bam shi ne ke jawo musu abokan karawa.

Mai Bindigar Baya:
Akwai wani abu da ya shafe mu mu da ke wannan yanki, kuma yana taɓa shawarar da 'Yar Katsina ta bayar. Sabobin, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa ta intanet, da ake taruwa a kansu yawanci a Turai ko Amurka suke, saboda haka akwai jinkiri tsakanin abin da ya faru da abin da muke gani, sannan murya ma tana da nata jinkirin. Idan na jira sai na ga wuta a bakin igwarsa kafin in ce "karya", to kafin maganar ta isa kunnen matuƙi, hannunsa ya motsa, saba ta karɓa, an riga an huda mu. Dole maharbi ya koyi kira da wuri, tun lokacin da ya ga maƙiyi ya daina gyara hanci. Kuma ranar da intanet ɗin ɗayanku ke yankewa, ya fi kyau a bar wa kwamfuta kujerar, a kulle ta yadda baƙo ba zai shigo ba, domin baƙon da ba ku jin muryarsa bai san kalmominku ba, kuma shi ne mafi kusa da ya harbi wutsiya.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Zan ɗauki tsarin 'Yar Katsina na barin maharbi ya kira juyi, da shigowa daga yamma da Ɗan Damagaram ya bayyana. Amma har yanzu ban gamsu ba cewa zamewa da feda za ta wadatar a gaban matuƙin da ya san aikinsa, wanda ba ya zama a baya sai dai ya faɗo daga sama ta gefe, ya yi harbi, ya wuce ƙasa ya sake hawa. Irin wannan ba ya ba maharbi ko daƙiƙa biyu.

Ɗan Damagaram:
Ga irin wannan, zamewa ba za ta yi ba, gaskiyarka. Abin da ya rage shi ne a juya zuwa ɓangaren da yake faɗowa daidai lokacin da ya ɗauko, domin kusurwar ta ƙuntace masa ya wuce ba tare da ya sami saiti ba, sannan a koma kan hanyar gida nan da nan kafin ya gama hawa. Kowace faɗowa tana cin sa lokaci, kuma kowane lokaci yana matsar da kai kusa da bindigogin ƙasa na ɓangarenku.

'Yar Katsina:
Sharaɗin shi ne maharbi ya gan shi tun yana sama, kuma a nan rana ke shigowa, domin ta cikinta suke son faɗowa. Idan hanyar komawa ta sa rana a bayanmu, nakan ce wa yayana ya riƙa ɗan karkata hagu da dama lokaci-lokaci don in leƙa gefenta. Idan kuna so a gwada, mu haɗu daren Asabar bayan sallar isha'i, a buɗe saba ta gwaji: Ɗan Fagge da abokinsa su ɗauki Pe-2, Ɗan Damagaram ya ɗauki Bf 109 ya riƙa faɗowa ta gefe, a yi wasu zagaye da zamewa, wasu da juyawa cikinsa, a ɗauki bidiyon daga kujerar baya.

Ɗan Damagaram:
Na amince, amma a sa iska da gajimare kamar yadda ake samu a sabobin gaske, kuma a fara daga mita 3,500 domin a ga ko tsayin zai ishe su kaiwa Volga.